Malama Kulu da Kifin Magani

Shekarar da aka yanke Jihar Kebbi daga Sakkwato, aka ce kowa ya koma gidan ubansa, Malama Kulu na cikin waɗanda suka fara ɗaure kaya. Shekara tara ta yi tana koyarwa can, mijinta kuma ya rasu, ba abin da zai riƙe ta. Ta sa akwatinta da kwalin littattafanta a bayan motar shinkafa ta dawo Argungu, gidan mahaifiyarta Inna Tamba.

Masu dawowa sun yi yawa, wuraren aiki kaɗan. Kawunta Alhaji Atiku, ƙanen Inna Tamba, shi ya shige mata gaba. Yana da shagon taki da maganin feshi a bakin kasuwa, shi ne kuma shugaban iyayen yara a wata makarantar 'yan mata da ƙungiyar 'yan gari ta gina da kanta. Magana ɗaya ya yi aka ɗauke ta, aka ba ta darasin zamantakewa a aji biyu na ƙaramar sakandare.

Kulu 'yar masunci ce. Ubanta ya mutu da kantar homar kamun kifi a tafin hannunsa, ita kuma tun tana ƙarama ta san warin gulbi a kowane wata. Don haka ranar da ta zo kan babin koguna, ta rufe littafin ta tambayi yaran, "Gulbin nan da ke bayan garinmu, daga ina yake zuwa?"

Can wata ta ɗaga hannu ta ce, "Daga wajen gada, Malama."

"To ina yake zuwa?"

"Birnin Kebbi."

"Daga nan fa?"

Ba wadda ta sani. 'Yan mata talatin da huɗu, kowace ta haddace sunan kogin Masar da tsawonsa, amma ba wadda ta san wa ke shan ruwan da ta wanke tukunya a cikinsa jiya. Abin ya tsaya wa Kulu a rai. Ta ce su ciro takarda daga tsakiyar littafin rubutu, za su yi wa mutanen gulbi wasiƙa, na sama da su da na ƙasa da su, su gaishe su, su tambaye su yadda ruwan yake a wajensu.

Wasiƙa ɗaya ta ba wani direba da ke kai kaya Nijar, ta ce ya miƙa wa kowace makaranta ya gani a Maraɗi. Ɗayar kuma mai jirgin ruwa ya tafi da ita Tungar Hodi, ƙauyen masunta da makiyaya da ke ƙasan Argungu, tafiyar rabin yini a jirgi.

Ta Maraɗi ce ta fara dawowa, bayan mako biyar, ta sha maiƙo a aljihun direba. Hausa ce, amma da rubutun Faransa, sai da Kulu ta yi ta lalube yara na dariya. Malamin can, wanda suke kira mushe, ya ce yaran lakwal ɗinsa, wato makarantarsa, sun yi murna ƙwarai. Gulbinsu da damina kawai yake gudu, da rani sai su tona yashi su ɗebi ruwa. Ya ƙara da cewa, "Daga ƙasarku yake zo mana, mu sha, mu mayar muku da shi. Muna ƙoƙari mu mayar da shi da tsabta."

Yaran suka liƙa takardar a bango. Rauda, 'yar Alhaji Atiku, wadda ke zama a layin gaba, ita ta zana hanyar ruwan da alli tun daga ƙasar Katsina, ya shiga Nijar, ya dawo, ya bi ta Sakkwato da garinsu har ya faɗa Kwara ya nufi teku. Allon bai ishe ta ba, ta ƙarasa a jikin bango.

Ta Tungar Hodi ba ta zo ba sai da bazara ta kama, ruwa ya ja baya, gulbi ya zama gurabe da siririn ruwa mai haɗa su. Wata yarinya 'yar aji shida na firamare mai suna Ummu Hani ce ta rubuta a madadin ajinsu. Kulu ta ba Rauda ta karanta. Bayan gaisuwa sai wasiƙar ta ce:

"Kun tambaye mu lafiyar ruwa. Ruwa ba lafiya. Sau uku cikin watan nan yana zo mana da kifi ciki sama, manya da 'ya'ya, yana warin maganin ƙwari. Na farko mun ɗauka arziki ne muka kwasa muka ci, yara tara suka kwanta da amai, ƙanena yana ciki. Shanun Fulani biyu sun sha sun mutu a bakin mashaya. Ba mu da rijiya. Ku da ke sama da mu, me kuke zuba wa ruwan?"

Rauda ta kai ƙarshe ta ajiye takardar. Ba wadda ta yi dariya yau. Kowace ta sunkuyar da kai, don kowace ta san amsar. Rabinsu da an tashi makaranta tallan soyayyen kifi suke fita. Sun san kifin homa, sun san na magani, wanda samari ke kawowa da kwando cike tun hantsi, mai laushin ciki da farin ido, wanda ƙuda ke kewayawa ya ƙi sauka. Sun kuma san shagon da kwalaben maganin ke fitowa.

Kulu ma ta sani. Ta tsaya riƙe da alli. Da ta so, sai ta naɗe takardar ta ce a buɗe shafi na gaba.

"To," ta ce, "an yi muku tambaya. Wa ya fara aika wasiƙa, mu ko su?"

"Mu ne, Malama."

"Wanda ya yi sallama aka amsa, ba ya juya baya ya tafi. Me za mu ce musu?"

Wata daga baya ta ce, "Mu ce ba mu sani ba."

"Ba ki sani ba?"

Sai Rauda ta ce, ba tare da ta ɗaga kai ba, "Mu hwaɗa musu gaskiya, Malama."

Suka rubuta. Ba su ambaci sunan kowa ba. Sun ce daga garinsu ake zuba maganin, sun ce sun ji kunya, sun kuma yi alkawarin abin da ke hannunsu: daga yau ba wadda za ta ƙara soya kifin magani ko ta ɗauki tallansa. Su talatin da huɗu suka sa hannu. Kulu ba ita ta kawo maganar alkawarin ba, amma da suka kawo ba ta hana ba, ta sa nata hannun a ƙasa.

Kafin mako ya zagayo gari ya ɗauka. Uwa ta aza mai a wuta, 'ya ta duba kwando ta ce ba ta taɓawa. An zagi wasu, an doki wasu, wasu biyu an hana su zuwa makaranta. Amma 'yan ajin suka gaya wa 'yan sauran azuzuwa, su kuma suka gaya wa ƙawayensu na unguwa, har masu saye suka fara buɗe kunnen kifi suna shinshinawa kafin su taya. Kwandunan samari suka fara kwana suna ruɓewa.

Shugaban makarantar, Malam Labbo, mutum ne mai gudun fitina, saura shekara biyu ya huta. Ya kira ta ofis ya rufe ƙofa.

"Malama, don Allah mi ya kai ki? Littahi na nan, manhaja na nan. Ki karantar da abin da an ka ba ki, ki amshi albashinki."

"Abin da an ka ba ni na karantar, Malam. Babi na bakwai, haƙƙin maƙwabci."

"Maƙwabci na gida ake nuhi!"

"Wanda ke shan ruwan da ya hito bayan gidana, wa ya hi shi maƙwabtaka da ni?"

Ya share fuska da hularsa, ya miƙa mata takarda. Kwamitin ƙungiyar da ke da makarantar na nemanta a Birnin Kebbi ranar Asabar. An kai ƙararta. Bai faɗi wanda ya kai ba, ita ma ba ta tambaya ba.

Da ta koma gida ta tarar da Inna Tamba na tsince shinkafa a faifai. Tsohuwar ba ta ɗago ba ta ce, "Atiku ya zaka. Ya ce ya yi miki rana kin yi mishi dare."

"Ke mi kin ka ce, Inna?"

"Na ce mishi ƙanena ne shi, ke kuma ɗiyata ce, kada ya sa ni tsakiya." Ta watsar da tsakuwa. "Amma da ubanki na da rai, da kwalba guda ba ta shiga gulbin nan ba yana kallo. Wannan ban hwaɗa mishi ba. Ke nike hwaɗa wa."

Ranar Asabar ta shiga motar haya da sassafe. Birnin Kebbi a lokacin kamar gidan da aka yi wa baƙi ba shiri: ko'ina bulo da yashi, ma'aikata na yawo da fayil a hammata suna neman inda aka kai teburinsu. Ɗan kabu-kabu ya sauke ta a unguwar Gesse, ƙofar wani sabon gida mai warin fenti. Nan ne gidan Alhaji Sama'ila, shugaban kwamitin, babban ma'aikaci wanda shi ma daga Sakkwato ya dawo.

Su uku ta tarar a falo. Alhaji Sama'ila a tsakiya da tabarau, Malam Abdussamadu, wani dattijon malami mai ba ƙungiyar shawara, a damansa, sai kawunta a gefe yana kallon bango. Ta durƙusa ta gaida kowa. Da ta zo kan kawunta ta ce, "Kawu, ina kwana?" Ya amsa da hanci.

Alhaji Sama'ila ya karanto laifuka uku. Ta yi wasiƙa da wata ƙasa ba da izinin kowa ba, a zamanin da ake sa ido kan irin wannan. Ta bar abin da aka ce ta koyar. Ta shiga tsakanin 'ya'ya da iyayensu.

"Kin ji. Mi za ki ce?"

"Ranka shi daɗe, na farkon gaskiya ne." Ta ciro takardar Maraɗi, wadda ta ɓare daga bangon aji, daga jakarta ta miƙa. "Ga asirin da muka sayar wa Nijar. A karanta."

Ya karanta da ƙyar, bakinsa na motsi, har ya kusa yin murmushi ya danne. Ya miƙa wa Malam Abdussamadu.

Kulu ta ci gaba, "Na biyu ban yarda ba. An ce in koya musu zama mutanen kirki a ƙasa. Ban san yadda ake zama mutumin kirki a Argungu a zama azzalumi a Tungar Hodi ba. In akwai littahin da ya koyar da haka, ba a ba ni shi ba. Na uku kuwa, ban ce wa ɗiyar kowa ta raina uwarta ba. Sun ƙi sayar wa mutane guba ne. In an ce su share gida suna sharewa, in an ce su yi daka suna yi."

Sai a nan Alhaji Atiku ya juyo. "Ke Kulu! Ni na samo miki aikin nan. Ni na sayar da magani don albasa da wake. Abin da mutum ya tahi ya yi da shi, tsakaninshi da Ubangijinshi. Mai sayar da wuƙa shi ka yanka?"

"Kawu, ka yi mini alheri, ban manta ba, ba ni mantawa. Amma yaron da bai da ko fangalin albasa guda ya zo maka da bazara ya ce kwalba huɗu, albasar wa za shi fesa?"

"Kin san abin da ke cikin gulbin nan yanzu? Mutum ya yini da homa ya hito da kihi ƙarfasa biyar. Samarin nan da mata da ɗiya. Yunwa ba ta karanta littahinki!"

Wannan ta taɓa ta, don gaskiya ce. Ta ce, "Na sani, Kawu. Amma kwalba guda na kashe uwa da ƙwai. Wanda ya samu biyar bana, baɗi ba shi samun ko guda. Kuma na Tungar Hodi su ma da ɗiyansu."

Malam Abdussamadu ya nemi a ba shi wasiƙar Ummu Hani. Ya karanta a hankali, ya ajiye a gwiwarsa. "Alhaji Atiku, abin da yarinyar nan ta rubuta, ya faru?"

"Ni ban je can ba, Malam."

"Ban ce ka je ba."

Alhaji Sama'ila ya gyara tabarau. Shi ba mugu ba ne, amma rabin rufin makarantar Alhaji Atiku ya yi shi, iyaye kuma sun yi barazanar kwashe 'ya'yansu. Ya turo mata wata takarda da aka riga aka buga da tafireta.

"Malama, a rufe maganar nan cikin mutunci. Ki sa hannu kin yi kuskure, ki ba mu wasiƙun, ki gaya wa yara su janye alkawarinsu. Litinin ki koma ajinki."

Ta karanta takardar har ƙarshe, ta mayar da ita bisa tebur, ta daidaita ta da yatsa.

"Wasiƙun ba nawa ba ne, na yara ne, su an ka rubuta wa. Alkawari kuwa ni na sa hannu ƙarƙashin nasu. In na tsaya gabansu na ce musu gaskiya tana ƙarewa inda ta taɓa na gida, to mi zan ƙara koya musu su yarda? Ku nemi wata ta hwaɗa musu. Ni ba ni iyawa, kuma ko ina iyawa ba ni yi."

"Kin san abin da wannan ke nuhi?"

"Na sani, ranka shi daɗe."

Ta karɓi wasiƙun biyu, ta sake durƙusawa ta yi sallama da kowa, har kawunta. Ta fita titi, rana ta doke ta. Ta zauna kan wani tarin bulo ta yi kukanta na ɗan lokaci, ta share ido da bakin mayafi, ta tsayar da ɗan kabu-kabu.

Takardar sallama ta iso ranar Talata. Malam Labbo da kansa ya kawo, yana ba da haƙuri kamar shi aka kora.

Ranar Laraba da la'asar Kulu na wanki a tsakar gida ta ji hayaniya a zaure. Ta leƙa. 'Yan ajinta ne, su goma sha bakwai, sun cire kayan makaranta, kowace da littafinta. Sun ce sabon malamin ya sa an goge zanen bango, ya ce a fara daga babi na takwas. Sun ce ga amsa ta sake zuwa daga Tungar Hodi, ba su san wa zai duba musu tasu ba.

Ta ce musu ita yanzu ba malamar kowa ba ce. Inna Tamba ta fito da tabarmi biyu ta shimfiɗa, ta ce, "Zauren dai na ubanki ne, ba kwamiti ya gina shi ba." Aka jingine wani tsohon murfin ƙofa ya zama allo.

Ana cikin karatu inuwa ta rufe bakin zaure. Alhaji Atiku ne, babbar rigarsa a saɓe. Bai dubi yayarsa ba, bai dubi Kulu ba.

"Rauda. Taso mu tahi."

Yarinyar ta miƙe, ta zo gabansa ta durƙusa har ƙasa. "Baba, ka yi haƙuri. In an tashi ina zuwa, kuma duk hukuncin da ka yi mini na ɗauka."

Ya ɗaga hannu. Ba wadda ta motsa. Inna Tamba, daga inda take zaune, ta ce, "Atiku, nan gidan yayarka ne." Hannun ya tsaya a sama, sannan ya sauka a hankali. Ya juya ya tafi, takalminsa na tada ƙasa.

Rauda ta sha hukuncinta, mako biyu ba ta leƙa waje ba, a na uku ta dawo. Malam Abdussamadu kuwa, ashe bai bar maganar a falon Gesse ba. Ya zo Argungu ya zauna da dattawan masunta, waɗanda dama abin na cinsu, kunya ce ta hana su magana tun da yara mata suka riga su. Suka sa ido a gurabe, suka kama samari biyu da kwalba, suka kai su gaban manya. Zubin magani bai ƙare ba, amma ya koma abin ɓoyo da kunya, kuma bazarar da ta biyo ba a ji wani ya kwanta a Tungar Hodi ba.

Makarantar ba ta mayar da Kulu ba, ita ma ba ta roƙa ba. Shekara guda da rabi ta yi tana koyarwa a zaure da la'asar, da safe tana ɗinki da keken mahaifiyarta, kafin ta samu aiki a wata firamare a bakin gari. Kawunta bai ƙara yi mata magana ba har tsawon shekara huɗu. Duk Sallah sai ta je gidansa ta durƙusa ta gaishe shi, ya kau da kai, ta gama gaisuwarta tsaf ta tashi. A shekara ta biyar ya ce, "Lahiya lau," yana kallon wani waje. Ta ce, "Madalla, Kawu," ta wuce ciki gaida matarsa.